Na yanki fom ɗin JAMB ina da shekara 34

Shekara tara ke nan ina aiki a bayan motar asibiti. Takardar aikina ta ce ni ma'aikacin agajin gaggawa ne, amma a titi ba wanda ke kirana haka. Duk inda muka tsaya da jiniya, ko a Na'ibawa ko a Kurna, abin da nake ji shi ne "ga likita nan, a ba shi hanya." A shekarun farko ina gyara wa mutane. Daga baya na daina, don wanda ɗan'uwansa ke kwance cikin jini ba shi da lokacin jin bambanci. Sai dai ni na san bambancin, kuma shi ne ya hana ni barci tun daminar bara.

Wani dare aka kira mu hanyar Zariya, gaba da Na'ibawa kaɗan. Mota ta buge wani matashi a kan babur. Da muka isa yana zaune a gefen titi yana magana, ba karaya, ba wani jinin kirki sai ƙujewa a gwiwar hannu. Mutanen da suka taru har sun fara cewa Allah Ya tsare, a kai shi gida. Na kama hannunsa na ji sanyi, bugun jininsa yana gudu amma ba ƙarfi. Na buɗe fatar idonsa na ga ta yi fari. Na taɓa cikinsa ta hagu, ƙasan haƙarƙari, sai ya zabura, ya kuma ce kafaɗarsa ta hagu na ciwo alhali bai bugu a wurin ba. Nan take zuciyata ta ce saifa ce ta fashe, jini yana zuba ta ciki. Na sa masa layin ƙarin ruwa, na ɗora masa iskar oksijin, na ce wa direbanmu, "Baba, yau kada ka tausaya wa motar nan."

A sashen gaggawa wata likita ce ta karɓe mu, yarinya ce da na tabbata na girme ta da kusan shekara takwas. Na faɗa mata abin da na gani, ta saurare ni da kyau, ta danna cikin da hannunta, ta ce a nemi jini a shirya tiyata. Aka tura shi, ƙofa ta rufe. Ni kuwa na koma waje ina wanke gadon mota da ruwan bilic. Wannan ƙofa na sha ganin rufewarta, amma ranar ta tsaya mini a rai. Na gane ciwon, na san sunansa, amma ilimina ya ƙare a daidai inda maganin zai fara.

Tun daga ranar nake lissafi, kuma lissafin ba ya canzawa ko sau nawa na maimaita shi. Karatun likita a Najeriya shekara 6 ne. In na samu shiga ina da 35, zan fita ina da 41, in ba a yi yajin aiki ba, kuma duk wanda ya ga wata 8 da ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta yi tana yajin aiki a 2022 ya san ba a rantsuwa a kan wannan. Bayan nan akwai shekara guda ta aikin horo a asibiti kafin MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, ta ba mutum cikakkiyar rajista. Hidimar ƙasa kam an ɗauke wa wanda ya haura 30 kafin ya kammala digiri. In kuma ina son in zama mai buɗe cikin da hannunsa, sai wasu shekaru biyar ko shida na ƙwarewa. Ke nan ina dab da 50. Babbar 'yata yanzu shekararta 9. Kafin in karɓi takardar MBBS, wato digirin likita, ita ma ta kusa zana tata JAMB ɗin.

Kowa na faɗa wa sai ya ce mini gemu ba ya hana ilimi. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma mai gemu yana da kuɗin haya, da 'ya'ya uku a makaranta, da mahaifiya mai shan maganin hawan jini kowane wata. Karatun likita kuma ba irin wanda ake haɗawa da aikin dare ba ne. Na zauna da wani likita da muke shiri, wanda ya yi karatunsa a Jami'ar Bayero, ya yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye. Ya ce shekarar farko mai sauƙi ce ga wanda bai manta kimiyyar sakandare ba. Daga aji biyu ake shiga ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, a yini a kan gawa ana bin jijiya ɗaya bayan ɗaya, sannan a zo babbar jarrabawar da ke tankaɗe ɗalibai kafin a wuce Asibitin Malam Aminu Kano a fara zagayen marasa lafiya. Ya ce, "Malam, ƙwarewarka za ta yi maka rana a aji huɗu zuwa shida. Amma sai ka tsallake na biyu da na uku, kuma su ba ruwansu da cewa ka iya samun jijiyar wanda jininsa ya ƙare a cikin duhu."

Yayana, wanda ke da shago a Kantin Kwari, bai ma bari na kai aya ba. Ya ce, "Kai dai ka riƙe abin da ke hannunka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mutum nawa ke neman albashin da kake so ka ajiye?" Ban ji haushinsa ba, don in na bar aiki, kansa nauyin zai fara sauka, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 shi ma kasuwar ba kamar da ba. Hajiya kuwa shiru ta yi, can ta ce, "Ɗan nan, ka yi istihara?" Na ce na yi. Ta ce, "To ka ƙara."

Maganar maiɗakina ce ta fi tsaya mini. Tana ɗinki a gida, ta kuma san kuɗin kowane kwanon shinkafa da ke shigowa gidan fiye da ni. Na zaci za ta fara da maganar kuɗi. Sai ta ce, "Abban yara, tambaya ɗaya zan yi maka. Likitancin kake so, ko gajiya ka yi da motar?" Ban amsa mata a daren ba. Gajiya kam akwai ta. Bayana yana ciwo saboda ɗaga mutane, akwai cunkoson 'yan adaidaita sahu da ba sa jin jiniya, akwai fuskokin waɗanda suka cika a hannuna a tsakanin shataletale da ƙofar asibiti, waɗanda har yau nake gani in na rufe ido. In gudun wannan nake yi, asibiti ba mafaka ba ce, don can ma mutuwar tana nan, har da ƙarin nauyin cewa kai ne mai yanke shawara.

Akwai kuma abin da ba na so in raina. Yaron nan na hanyar Zariya, da an bi maganar jama'a an kai shi gida, da babu wanda likitar za ta yi wa aiki. Minti ashirin ɗin da ke tsakanin titi da gadon asibiti aiki ne mai zaman kansa, kuma masu yinsa da sani ba su da yawa a garin nan. Har yanzu yawancin waɗanda suka yi hatsari a bayan adaidaita ake kwaso su, wuya na lilo, ba wanda ya danne inda jini ke zuba. In na tafi, Kano za ta ƙaru da likita ɗaya bayan shekara bakwai, ta rasa mai agajin titi ɗaya tun daga gobe. Wannan awon ban iya daidaita shi ba har yau.

Bayan kwana uku na ce wa maiɗakina likitancin nake so, ko da a ce motar ba ta gajiyar da ni ba. Ta ce to in gwada jarrabawar, amma da sharaɗi: ba zan rubuta takardar ajiye aiki ba sai na ga sunana a jerin waɗanda aka ɗauka, kuma sai mun tara kuɗin hayar shekara biyu a gefe. Na yarda.

Makon jiya na je cibiyar rajista na yanki fom, na cike Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. A layin duk yara ne 'yan 17 da 18, ɗaya har ya matsa mini a benci yana tambaya ko ɗana na kawo. Na ce masa a'a, ni ne mai zanawa, muka kuma zauna ya nuna mini yadda ake amsa tambayoyi a kwamfuta. Kemistiri ce ta fi ba ni wuya, rabona da ita shekara 16. Wani malamin sakandare a unguwarmu ya yarda zai riƙa zama da ni bayan sallar Isha'i ran Talata da Alhamis, in ba ni da aikin dare. Yayana bai san na yanki fom ɗin ba tukuna. Ran Juma'a in mun haɗu a gidan Hajiya zan faɗa masa.