Dam ɗin gonarmu da mutanen da ke kwana a ƙasansa

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya tare ƙoramar da ta ratsa gonarmu da bangon ƙasa domin shanu su samu na sha da rani. Da kula da wurin ya dawo hannuna, na zuba tarwaɗa da karfasa, na kafa rumfuna, na sayi kwalekwale. Sannu a hankali iyalai suka fara zuwa shan iska, musamman ranakun Sallah. Bangon bai wuce mita 5 ba, alhali a ma'aunin injiniyoyi na duniya sai dam ya kai mita 15 ake fara kiransa babba, in ba ruwan da ya tara ya yi yawa ƙwarai ba. To namu ƙarami ne. Amma tunda na fara karɓar kuɗin shiga daga hannun jama'a, na ga ya wajaba in kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya duba mini shi.

Da ya iso bai ko kalli ruwan ba. Cewa ya yi, "Alhaji, mu fara bin ƙoramar nan zuwa ƙasa." Muka taka muka tarar da lambunan masu noman rani, da kwalbatin da yara ke bi zuwa makaranta, da wasu gidajen laka a bakin fadama. A nan ya tsaya ya ce mini su injiniyoyi da abin da ke ƙasan dam suke auna haɗarinsa, girman bango yana zuwa daga baya. Dam ƙarami da ke saman gidaje ya fi babban da ke cikin daji zama abin tsoro. Duk aikin da na yi bayan nan a kan wannan magana na gina shi.

Muka dawo kan bangon, ya riƙa tafiya a hankali yana caka sandar ƙarfe. Darbejiyar da ta yi inuwa a gefe ya ce dole ta tafi, domin in saiwa ta mutu ta ruɓe, hanya take bar wa ruwa. Ƙananan bishiyoyi muka sare nan take, manyan kuma aka tono su da saiwarsu da rani, aka cike ramukan da yumɓu ana daɓewa kaɗan-kaɗan. Ya nuna mini wani shurin gara da ramukan gafiya. Sannan ya durƙusa a gindin bangon ta baya, inda ciyawa ta fi ko'ina kore, ya tari ruwan da ke tsiyaya a cikin farin kofi ya ɗaga wa rana. Ruwan garau yake. Ya ce kusan kowane dam na ƙasa yana tsiyaya, kuma muddin ruwan na fita fes, adadinsa bai ƙaru ba, ido kawai ake sa masa. Ranar da ya fito da launin laka, ruwan ya fara ƙwaƙule bangon ta ciki ke nan, kuma daga nan zuwa ɓallewa yana iya zama 'yan sa'o'i. Har yau akwai farin kofi rataye a wurin, maigadi yana tara yana dubawa kowace safiya.

Inda kuɗi ya fi tafiya shi ne mafitar rarar ruwa. Tamu ƙasa da ciyawa sun cike ta, ga ragar da aka sa don kada kifi ya gudu, wadda shara ke toshewa da ruwan farko. Bangon ƙasa ba ya jure ruwa ya hau kansa ya malala: yana fara zaizaye shi ta baya, shi ke nan. Duk wanda ya girma a Kano ya san labarin dam ɗin Bagauda, wanda shi ma a lokacin wurin shaƙatawa ne, ya ɓalle a watan Agustan 1988 bayan mamakon ruwa. Na Alau kuwa da ya shafe unguwannin Maiduguri a watan Satumban 2024 ba ya bukatar tuni. Muka cire ragar, muka faɗaɗa mafitar, muka jera mata duwatsu, muka dasa jema a gefenta da kirikiri a jikin bangon. Na hana shanu hawa kansa. Na yi asarar kifi da marka, ban kuma ji ciwon haka ba.

Batun doka ya ba ni wahala, domin bayanin a warwatse yake. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta yarda mutum ya ɗebi ruwa don amfanin gida da shayar da dabbobi ba tare da lasisi ba, amma tara ruwa don kasuwanci wani abu ne daban, kuma hukumar kula da albarkatun ruwa ta ƙasa, NIWRMC, ce ke ba da lasisin amfani da ruwa a matakin tarayya. Na kuma kai takarduna ma'aikatar ruwa da ta muhalli ta jiha. Lauyana ya ƙara mini da abin da ya fi lasisin nauyi: tun shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868 a Ingila, wadda kotunan Najeriya ke aiki da ita, wanda ya tara ruwa a filinsa shi ke ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi in ya kuɓuce. A ganina hukunci ne na adalci. Mai lambun da ke ƙasa bai ci ko sisi daga kuɗin ƙofata ba.

Su kuma masu zuwa shaƙatawa, ba mai hawa kwalekwale sai da rigar ruwa, kuma wani masunci da ya iya ruwa yana zaune a bakin gaɓa da igiya da gora duk ranar da muka buɗe. Wanka na hana gaba ɗaya, saboda zurfin da ke kusa da bango da kuma tsargiya, tunda ruwan kwance ne kuma akwai katantanwa, wadda ƙwayar cutar ke girma a jikinta. Wasu iyayen sun yi fushi, wasu sun daina zuwa.

Kafin damina na je gaban mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, ina so mutanen fadama su san abin da ke samansu." Ya tara su. Muka kafa sanda mai jan fenti a cikin ruwan, muka yi yarjejeniya cewa in ruwa ya taɓa jan, ko kofi ya nuna laka, maigadi zai buga wa mai unguwa da liman waya ko da tsakar dare ne, a yi shela a lasifikar masallaci, kowa ya hau tudun makabarta. Duk shekara in hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta fitar da hasashen damina muna sake zama, ana sabunta lambobin waya, injiniyan kuma yana dawowa ya bi bangon da sandarsa kafin ruwan farko da bayan ɗaukewarsa.