Wasiƙa daga Boston: Wa ke jefa wa mai cafewa ƙwallo?

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya hidima?

Nan Boston sanyi ya fara shiga, kakar ƙwallon Amurka kuma ta kankama. Ita ce wadda ake jefawa da hannu, ba irin tamu ba. Da na zo ban san kanta ba, yanzu kuwa Lahadi ba ta wuce ni. Akwai wani dattijo maƙwabcina da muke kallo tare, kuma mun daɗe muna musu a kan abu ɗaya: mai cafe ƙwallo, baiwarsa ce ke ɗaukaka shi ko dabarar koci?

Shi ya ce baiwa ce kawai. Ni ban yarda ba.

Ga yadda wasan yake. Kafin kowane hari, koci na yi wa mai jefa ƙwallo magana ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa, ya gaya masa tsarin da za a bi. Mutum biyar za su iya rugawa neman ƙwallo, ita kuwa guda ce, kuma tsarin ne ke nuna wanda za a fara duba. Wanda ba a duba ba, ko ya fi barewa gudu, hannu wofi zai dawo.

Randy Moss ne hujjata. A 2006 yana ƙungiyar Oakland Raiders, sau 42 ya cafe, yadi 553 (jimillar nisan da ya ciyar da ƙwallo gaba), ya kai ƙwallo gidan maki sau 3 kacal. Aka ce ya ƙare. New England Patriots suka karɓo shi da arha. A 2007, yana da shekara 30, ya cafe sau 98, yadi 1,493, ya ci sau 23, abin da babu mai cafewar da ya taɓa yi a kaka guda. Ƙafafun nan ne, hannayen nan ne. Abin da ya sauya shi ne ya samu mai jefa ƙwallo Tom Brady da masu tsarin da suka yarda a riƙa jefa masa doguwa. Har yau raina na sosuwa da shekarun da ya ɓata a Oakland ana kiransa malalaci.

Haka Cooper Kupp lokacin yana ƙungiyar Rams: yadi 974 a 2020, sai 1,947 a 2021 da mai jefa ƙwallo Matthew Stafford ya zo, koci Sean McVay kuma ya ɗora harin a kan Kupp.

Dattijon yana da nasa makamin, ban kuma raina shi ba. Calvin Johnson ya yi yadi 1,964 a 2012, alhali ƙungiyarsa ta Detroit wasa 4 kawai ta ci cikin 16. Mutum biyu kan tsare shi, ya yi tsalle ya ɗauke ƙwallo a samansu. Wannan kam ba koci ya koya masa ba. Sai dai ina tuna masa cewa a kakar nan an jefa wa Johnson ƙwallo fiye da sau 200, kuma wani ne ya yanke shawarar hakan.

Lahadi mai zuwa a gidansa za mu kalla. A gaida mutanen gida duka.