Zamana a lokos ɗin Zariya da rigimar kwata

Ni mutumin Maraɗi ne, ɗinki ya kawo ni Zariya, ƙanin babanmu ke da shago a Sabon Gari shi ya ce in taho. Harshe ɗaya addini ɗaya amma wallahi da na buɗe baki an gane ba ɗan nan ba ne, ga lissafin naira da kullum sai na mayar da shi sefa a kaina kafin in yarda in saya.

Ɗakin da na samu haya a lokos ne, irin gidajen nan da gwamnatin Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983, lokacin da aka ce za a riƙa yi wa kowace jiha gida 2,000 a shekara. Ciki da falo ne asalinsu, amma kowa ya samu sai ya ƙara ɗaki ya fitar da shago, wani ma a kan kwata ya ɗora katangarsa. Silin ya rufto, sokawe ya cika, kuma ruwan Agusta na Zariya ba irin namu na Maraɗi ba ne, kwana yake yana zuba, da safe ka ga takalman yara suna yawo a tsakar gida.

Da wasu ɗaliban tsara birane daga ABU, wato Jami'ar Ahmadu Bello, suka zo da taswirar gyaran kwata, mai unguwa ya tara mutane ƙofar masallaci bayan la'asar, ni dai na raɓe can baya tunda ɗan haya ne kuma baƙo. A takardarsu bakin titi za a sa kwalbati. Sai da aka yi zaman mata daban wata tsohuwa, Iya muke ce mata, ta ce 'ya'yana ruwan nan ba ta titi yake shigowa ba, ta bayan makarantar allo yake gangarowa, ta ja su har wurin ta nuna masu shatin ruwa a jikin bango, ya kai gwiwa. Dole suka sake zane. Gaskiya sun burge ni, don na san masu biro da ba a faɗa masu su ji.

Wajen kuɗi aka yi ta, masu gida suna cewa 'yan haya ke zuba shara, 'yan haya suna cewa mu gyara gidan wani ya ƙara mana kuɗi? A ƙarshe siminti da rodi na masu gida, haƙa da kwasar ƙasa namu, aikin gayya duk Asabar. Alhajin da katangarsa ta hau kwata ya sha rarrashi kafin ya bari a fasa, har liman sai da ya sa baki.

Mai unguwa ya ce tela kai da kake zaune wuri ɗaya riƙe mana littafin karo-karo na layinku, babu wanda ya tambayi daga ina nake. Maganar sokawe ce ta rage, an ce sai bayan sallah, gida uku har yau ba su biya ba.