Abin da ɗakin karatun nan-take ya koya mini game da koyar da kiɗa

A jihar Texas ta Amurka, watannin Maris da Afrilu su ne lokacin da malaman kiɗa na makarantun gwamnati suka fi shan aiki, domin a lokacin ne 'yan badujala da ƙungiyoyin mawaƙa da masu goge na okestra ke hallara yanki-yanki don tantancewar da hukumar gasannin makarantu ta UIL (University Interscholastic League) take shiryawa. Jami'ar Texas da ke Austin ce ta kafa wannan hukuma a 1910, kuma har yau ita ke kula da gasannin wasanni da na ilimi da na kiɗa tsakanin makarantun jihar. Na san wannan harka ne lokacin da nake koyon aikin koyarwa a hannun wani malamin badujala na makarantar sakandare.

Tsarin kashi biyu ne. A kashi na farko ƙungiya takan hau dandamali ta gabatar da abin da ta shafe watanni tana bita. 'Yan badujala kan buga taken maci ɗaya da kiɗa biyu daga jerin da hukumar ta amince da shi, wanda aka rarraba gwargwadon wahala. Alƙalai uku ne ke saurare, kowa ya rubuta sharhinsa, sannan ya ba da daraja daga ta ɗaya, wadda ita ce mafi girma, zuwa ta biyar. Ba a jera makarantu a ce wannan ta zo ta farko waccan ta biyu, ana auna kowace ƙungiya ne da mizani guda, don haka makarantu da dama za su iya komawa gida da daraja ta ɗaya a rana ɗaya. Wannan ya rage hassada tsakanin malamai, har za ka ga suna aron kayan kiɗa da takardu a tsakaninsu.

Kashi na biyu shi ne ya fi tsaya mini a rai. Da an sauka daga dandamali sai a wuce da yara wani ɗaki, wato ɗakin karatun nan-take, inda wasu alƙalai uku ke jira, a raba musu takardar kiɗan da ba su taɓa gani ba, a ba malaminsu 'yan mintuna ya yi bayani, sannan a ce su buga. A lokacin da na yi aikin, ba a yarda yaro ya busa komai yayin bayanin ba, iyakarsa ya bi rubutun da ido yana motsa yatsu a kan abin busarsa. A nan ne ake gane malamin da ya koyar da kiɗa da wanda ya cusa wa yara kiɗa uku kawai. Ƙungiyar da aka yi wa hadda ta hanyar maimaitawa za ta iya burge kowa a dandamali, amma da zarar ma'aunin bugu ya sauya a tsakiyar sabuwar takarda, sai ka ji masu ƙaho sun yi gaba sun bar masu sarewa a baya. Kamar ɗalibi ne da ya haddace shafi guda na littafin karatu, aka miƙa masa jarida ya kasa haɗa baƙi.

Malamin da na zauna a hannunsa bai taɓa jiran watan Fabrairu kafin ya fara shirin wannan ɗaki ba. Tun farkon shekarar karatu a watan Agusta, kowane darasi yakan fara da gajeren rubutun da yaran ba su sani ba, su ƙirga bugunsa da baki, su tafa shi, su nemo inda sauti zai ɗaga ko ya sauka, kafin kowa ya ɗauki abin busa. Wasu iyaye kan ga kamar ɓata lokaci ne, tunda ba abin da za a ji a wurin taro ba ne, amma saboda wannan horon ne yaransa ke koyon kiɗan dandamali cikin sauri fiye da na wasu. Ni da na taso ina ganin makaɗa a ƙasar Hausa suna koyon sana'a da kunne a bayan ubangidansu, na lura cewa kunnen bai rasa matsayinsa a nan ba, domin yaron da ke karanta takarda daidai amma ba ya jin na kusa da shi yakan ɓata sautin layinsa gaba ɗaya, kuma alƙalai ba sa barin wannan ya wuce.

Ita ma jihar ta amince cewa wannan rana ɓangare ce ta darasi. Tun 1984 akwai dokar da ke hana ɗalibin da ya faɗi wani darasi shiga ayyukan bayan aji, amma a 2019 aka cire wannan tantancewa daga cikin hanin. A ganina an yi daidai, domin a da malami kan wayi gari ya rasa mai busa guda ɗaya tilo na wani sashe saboda sakamakon lissafi, alhali alƙalai za su auna ƙungiyar ne kamar tana nan cikakkiya.