Inda muka kwana a VLC: sauti na fita, hoto ya ƙi

'Yan uwa abokan koyo, barkanmu da war haka. Yau matsalar hoto ce a gabanmu, a VLC 3.0, manhajar kallon bidiyo, kan Windows.

Kada ku fara da taɓa saiti. Bidiyo wuri uku yake bi kafin ido ya gan shi: fayil ɗin kansa, sai kodek mai warware shi, sai hanyar da ake zuba hoton a allo. Ku buɗe wani bidiyon da kuka san lafiyarsa ƙalau. In ya yi, to a fayil ɗin farko matsalar take, ko a irin kodek ɗinsa. Ctrl+J zai nuna muku ko H.264 ne ko H.265, da girman hoton.

Wadda ta fi damun mutane ita ce allo ya yi baƙi ƙirin ko kore shar, ko hoton ya farfashe gida-gida, sauti kuwa na tafiyarsa. Tun fitowar VLC 3.0 a 2018, manhajar kan miƙa wa katin hoto (sashen kwamfuta mai sarrafa hoto) aikin warware bidiyo ba tare da ta tambaye ku ba, kuma in direban katin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ya tsufa sai a samu saɓani. Ku danna Ctrl+P, ku shiga Input / Codecs, ku mayar da Hardware-accelerated decoding zuwa Disable. Ku danna Save, ku rufe VLC gaba ɗaya, sannan ku sake buɗewa. A nan da yawa ke yin tuntuɓe: su sauya saiti bidiyo na kan tafiya, su ga shiru, su ce bai yi ba. In har yanzu baƙi ne, ku mayar da wancan saitin kan Automatic, ku koma sashen Video, ku sauya Output daga Automatic zuwa Direct3D9, in ya ƙi ku gwada OpenGL. Saiti ɗaya a lokaci guda, don ku san wanda ya yi maganin.

Sai dai kashe aikin katin yana da kuɗinsa, domin nauyin duka kan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, yake komawa. Kwamfuta za ta ɗau zafi, fanka ta yi ta ƙugi, batir ya zube da wuri. Gyara na gaskiya shi ne sabunta direban daga shafin Intel, NVIDIA ko AMD, sannan a sake kunna saitin.

Sarƙewa daban ce. Hoto ya tsaya cak, sauti ya wuce, can ya zabura ya cim masa. A Ctrl+J akwai shafin Statistics, inda za ku ga adadin hotunan da suka ɓace yana hawa. In daga filashi ko tsohon hard disk na waje kuke kallo, ku kwafo fayil ɗin cikin kwamfuta tukuna. In H.265 ne kuma, ku duba shekarun na'urar: katin hoton Intel bai fara warware shi sosai ba sai a furosesa ƙarni na 6, nau'insa mai zurfin launi bit 10 kuwa sai ƙarni na 7. Tsohuwar laftof 'yar gwanjo mai Core i5 ƙarni na 3 ba za ta ja 4K na H.265 ba, ko me kuka murɗa. A ganina ɓata lokaci ne. Ku sa fayil ɗin a HandBrake, manhajar juya bidiyo, ku mayar da shi H.264 mai 720p ko 1080p, ku huta.

Bidiyon biki da aka ɗauka da kyamara a 1080i kan fito da zane-zane kamar haƙoran matsefi a gefen duk abin da ke motsi. Harafin D ke kunna mai gyara wannan, Shift+D kuma ke sauya salonsa. Ku tsaya kan Yadif. Mutane sun yi tsawo ko sun baje? Ku yi ta danna A har siffar ta daidaita.

Launi ya koɗe, baƙi ya koma toka-toka: a katin NVIDIA ku shiga Control Panel ɗinsa, wajen launin bidiyo, ku sauya daga 16-235 zuwa 0-255. Amma in bidiyon HDR ne, mai faɗin haske da launi, irin wanda iPhone 12 da na bayanta ke ɗauka, wannan ba zai taimaka ba, domin allon ne ba na HDR ba. Shi ma juya fayil ɗin ya fi sauƙi.

Wanda ya riga ya dagula saiti har ya manta abin da ya taɓa, a ƙasan shafin Ctrl+P akwai Reset Preferences. Zama na gaba za mu duba rubutun fassara da ke riga magana fitowa.