Warin hannu ba ya korar tattabara daga kan ƙwai

Masu kiwon tattabarai a Kano sukan hana yara taɓa ƙwai, wai uwar za ta ji warin hannu ta guje shi. Hanin daidai ne, dalilin ne bai zauna ba.

Tsuntsu yana jin wari, kuma cikin abin da yake sunsuna har da maƙiyi. A wani bincike da aka wallafa a 2008, masu bincike a Sifen sun sa warin wata dabba mai farauta, mai kama da tunku, cikin akwatunan sheƙar wasu ƙananan tsuntsayen daji. Iyayen sai su tsaya a bakin ƙofa suna ɗari-ɗari, in sun shiga kuma ba sa daɗewa. Duk da haka ba su daina ciyar da 'ya'yan ba. Tsoro dai yana rage zama a sheƙa, kuma nan asarar take.

Tattabara ƙwai 2 take yi, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 17 zuwa 19. Namiji ne ke kwanci da rana, mace ta karɓa daga yamma har safiya. To idan kyanwa ko gafiya tana zarya a ɗakin da dare, macen za ta yi ta zabura tana tashi. A sanyin hunturu ƙwan ya huce, ɗan da ke ciki ya mutu, a wayi gari da bara-gurbi a ɗora wa yaro laifi.

Hancin da ya kamata ka ji tsoro na ɓera ne da kyanwa. Fasasshen ƙwai, mataccen ɗan shila, dawar da ta zube ta jiƙe, su ke kiransu. Kwashe su a ranar. A ɗaga ɗakin daga ƙasa, a naɗe ƙafafunsa da kwanon rufi mai santsi don kada a hau. Ragar kaji ta gama-gari ba ta tare ɓera. Nemi mai ƙananan idanu, milimita 6, ka duba kusurwoyi da ƙasan ƙofa, don nan ake barin kafa. Kada a jingina ɗakin da katangar da kyanwar maƙwabta ke bi.

Duba ƙwai kuwa, yi shi da rana, sau ɗaya, cikin hanzari. Da dare in ka tayar da macen ba lalle ta koma ba sai gari ya waye.