Asabar a kan Dutsen Kamaru

Buea, bayan isha'i.

Yau mun hau Dutsen Kamaru, dutse mai aman wuta da ke saman garin Buea, har bukka ta biyu cikin bukkokin hutawa da ke kan hanyar hawa, muka sauko kafin magariba. Ƙololuwa kam ba aikin wuni ɗaya ba ce, sai ga masu tseren da ake yi duk watan Fabrairu. Tsayinta ya haura mita 4,000, mai tafiya irin tamu sai ya kwana a hanya.

Ƙarfe shida muka tashi daga Upper Farms, bakin hanyar da ake kira Guinness, kimanin mita 1,100 sama da teku. Tun jiya aka biya kuɗin shiga aka nemi ɗan jagora, domin tun 2009 dutsen ya zama gandun gwamnati, ba a shiga kai tsaye. Litinin kuwa ba a sa ta a lissafi, ranar zaman gida ce a yankin saboda rikicin 'yan aware.

Kowa da ruwa lita uku, dabino, gyaɗa, burodi, rigar ruwa, rigar sanyi, tocila da sanda. Kilishi muka bari a masauki, yajinsa ƙishirwa yake jawowa.

Awa biyun farko kurmi ne: inuwa, laka, saiwoyi masu santsi. A bukka ta ɗaya, kusa da mita 1,900, akwai ruwa, kuma shi ne na ƙarshe a wannan hanya. A nan ake cika gora, a yi alwala a riƙe ta. Wanda tasa ta karye a sama sai taimama, ba a taɓa ruwan sha.

Da an fita daga kurmi sai ciyawa da tsagwaron hawa. Nan ne dutsen yake nuna halinsa. Ƙasar duk narkakken dutse ne da ya daskare, baƙi, mai kaifi, yana cin tafin takalmi yana yankar hannun wanda ya dafa. Tsakaninsa tsakuwa ce mara nauyi mai zamewa, ka yi taku uku ta mayar da kai ɗaya. Maganinta gajeren taku, da ɗora ƙafa a gindin ciyawa inda saiwa ta riƙe ƙasa. Ga rana ba inuwa, ga iska mai sanyi, domin duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da digiri shida ko fiye. Rigar auduga da ta jiƙe da gumi ita ke kama mutum da sanyi da zarar ya tsaya, don haka a sauya ta tun kafin a zauna.

Sha biyu da rabi muka isa bukka ta biyu, wajen mita 2,850. Ciwon kai da tashin zuciya a nan alamar ƙarancin iska ce. Idan hutu da ruwa ba su kwantar da su ba, sauka kawai ake yi.

Ba mu ga wuta ba, ba mu ga hayaƙi ba, amma dutsen ba matacce ba ne. Bai cika yin amai ta ƙololuwa kaɗai ba, tsagewa yake yi ta gefe. A 1999 narkakken dutse ya gangara kudu har ya datse titin Limbe zuwa Idenau kusa da Bakingili, a 2000 ya sake tashi. Aman 1909 kuwa shi ya kori Jamusawa, masu mulkin mallakar ƙasar a lokacin, daga Buea zuwa Duwala.

Ƙarfe ɗaya muka juya, ko da wani bai gama hutawa ba. Hazo yakan rufe hanya da yamma, kurmi kuma yana riga gari yin duhu. Saukar ta fi hawan cin jiki: gwiwa tana ɗaukar nauyi, yatsu suna dukan bakin takalmi. A yanke farce tun a gida, a ƙara ɗaure igiya a idon sawu, a sa sanda gaba kafin ƙafa. Awa huɗu da rabi ta ci mu, gorata saura kurɓi biyu lokacin da muka fito Upper Farms.